Lens na Liƙawa ga Mai Raunin Ganin Kusa: Ribarsa da Sharaɗinta

Akwai wata matsalar ido da kan daɗe tana wahalar da mai ita ba a gane ta ba, domin sau da yawa yakan karanta allon gwajin asibiti har layin ƙasa, a sallame shi a ce idonsa lafiya lau. Shi kuwa ya san in ya zauna da littafi ko waya na rabin awa sai goshinsa ya ɗau zafi, haruffa su riƙa dushewa suna dawowa, ido ya kawo ruwa, barci ya kama shi da rana tsaka. Likitocin ido suna kiran wannan haifarofiya, wato raunin ganin kusa wanda asalinsa gajartar ƙwayar ido ce. Gyaran da kowa ya sani shi ne tabarau mai tudu a tsakiya. Akwai kuma ɗan lens ɗin nan mai laushi da ake ɗorawa kai tsaye a kan baƙin ido, wanda 'yan birni ke kira kwantak lens, kuma galibin mutanenmu a idon amare suka san shi, cikin kayan kwalliya. Ra'ayina shi ne ga mai gajeren ido, musamman in lambarsa ta yi sama, lens ya fi tabarau gyara gani, kuma lissafin haske ne ya ba shi wannan fifiko. Sai dai fifikon yana da sharaɗi, sharaɗin kuma ya fi nauyi a kan mai gajeren ido fiye da ɗan'uwansa da nesa ce ba ya gani.

Aikin ido tattara haske ne. Hasken da ya taso daga abin da kake kallo yana bi ta fatar nan mai garau da ta rufe baƙin ido, wadda ake kira koniya, sannan ya ratsa wani ɗan madubi da ke can ciki, su biyun su lanƙwasa shi ya haɗu a ɗigo guda a bangon bayan ido, inda jijiyoyin gani suke shimfiɗe. Ana auna ƙarfin wannan lanƙwasawa da ma'aunin dayofta, shi ne lambar da ke rubuce a takardar likita. Idon baligi yana da ƙarfin dayofta wajen 60, kashi biyu cikin uku daga koniya, tsawonsa kuma daga gaba zuwa baya milimita 23 ne zuwa 24. In ƙwayar idon ta gaza da milimita ɗaya tak, an samu giɓin dayofta kusan 3. Hasken sai ya iso bangon bai gama haɗuwa ba, hoton ya fito a baje. A wasu mutanen tsawon daidai yake, koniyar ce ba ta da isasshen tudu, sakamakon dai ɗaya ne. Karatu a duhu ba ya kawo ta, ba a kuma ɗaukarta daga wani. Halitta ce, tana bin dangi. Hasali ma yawancin jarirai da ita ake haihuwarsu, wajen +2, sai idon ya yi ta girma giɓin yana rufewa kafin su kai shekarun makaranta. Waɗanda nasu bai rufe ba su ne abin maganarmu.

Abin da ya sa take ɓuya shi ne madubin cikin ido ba daskararre ba ne. Akwai 'yar tsoka kewaye da shi, in ta matse sai ya ƙara tudu, ƙarfinsa ya ƙaru. Amfaninta kallon abu na kusa ne: mai lafiyayyen ido in yana hangen abin da ke nesa tsokar a sake take, in ya riƙe littafi a tazarar santimita 33 sai ta ƙaro dayofta 3. Mai gajeren ido na +3 kuwa da wannan tsokar yake cike giɓinsa tun daga buɗe ido da asuba, ko da hasumiyar masallaci yake hange, in ya ɗauki littafi kuma sai ta ƙaro 6. Kamar ɗan dako ne da ba a taɓa sauke masa kaya ba, in an zo hawa tudu a ƙara aza masa buhu. Yaro ɗan shekara 10 yana da rarar dayofta wajen 14, don haka ba ya nuna wata alama sai ƙin karatu da ciwon kai, a yi ta ce masa malalaci. Zuwa shekara 40 rarar ta sauko wajen 5, a shekara 60 da ƙyar ta kai 1. Shi ya sa mutum ɗan shekara 35 zai rantse idonsa ya lalace farat ɗaya, alhali da abinsa aka haife shi, ƙarfin ɓoyewar ne ya ƙare. Likitan ƙasar Holan ɗin nan, Franciscus Donders na birnin Utrecht, shi ne a littafinsa na 1864 ya rarrabe wannan matsala da raunin karatu na tsufa, waɗanda kafin nan ake cakuɗa su. Saboda wannan ɓuyan ne kuma ake ɗiga wa yara da matasa maganin da ke kwantar da tsokar na ɗan lokaci kafin a auna su. In ba a yi haka ba, lambar da za ta fito ƙasa take da ainihin abin da ke akwai.

To tunda tabarau da lens duka ƙarfin da ya ɓace suke maidowa, ina bambancin? Bambancin mazauni ne. Tabarau yana zaune a karan hanci, wajen milimita 12 daga ido, lens kuwa yana kwance a kan hawayen da ya lulluɓe koniya, duk inda ido ya juya yana tare da shi. Ga mai +1 ko +2 wannan 'yar tazara ba ta hana komai, kuma gaskiyar magana irin wannan mutumin tabarau ya ishe shi. Daga +4 zuwa sama ne labari ke sauyawa. Gilashi mai tudu in ya yi nesa da ido yana girmama abin da ake kallo: tabaran +6 kan ƙara girman hoto da kusan kashi 10 cikin 100, lens mai wannan ƙarfi kuwa da wajen kashi 2. Girmamawar tana da farashi, domin duk abin da aka ƙara wa tsakiya an rage shi ne daga gefe. Filin gani yana ƙuntata, kuma a daidai bakin gilashin akwai wani zobe da abin da ya faɗo cikinsa ba a ganinsa sam, sai ya ɓullo kwatsam. Mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi a cunkoson Kano ya san muhimmancin wannan gefen. Ga nauyin gilashin, ga yadda yake nuna idon mai shi ƙato, abin da kan sa yara su cusa tabaransu a jaka da zarar sun fita daga gida. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda karatu yake sauƙaƙa. In mai tabarau mai tudu ya sunkuya kan littafi, idanunsa suna karkatowa ciki, su bar tsakiyar gilashin, gilashin ya tilasta musu ƙara karkatowa fiye da kima, tsokar cikin idon ma ta ƙara matsewa. Da lens duka biyun suna raguwa. A nan mai gajeren ido ya fi mai raunin ganin nesa sa'a, domin shi wancan in ya bar tabarau ya koma lens karatu ƙara masa wuya yake yi. Abin da za a iya ƙorafi a kai shi ne kwanakin farko: wanda ya saba da girmamawar tabarau zai ga komai ya ɗan ƙanƙance, har ya zaci an rage masa lamba, sai ƙwaƙwalwa ta saba.

Wannan tazarar kuma ita ta sa takardar tabarau ba ta zama takardar lens ba. Gilashi mai tudu in an matso da shi jikin ido ƙarfinsa raguwa yake yi, don haka dole a ƙara lambar: mai tabaran +6.00 lens ɗinsa wajen +6.50 ne, mai +10.00 kuwa ya haura +11.00. Bayan lamba akwai faɗin lens ɗin, wanda galibi wajen milimita 14 ne, da zurfin kwarinsa, wanda dole ya dace da tudun koniyar mai shi. In ya matse, hawaye ba ya zagayawa a ƙarƙashinsa; in ya yi sako-sako, sai ya riƙa zamewa, kuma lens mai tudu da ma ya fi nauyi, ya fi saurin sulalewa ƙasa. Ba a gane wannan sai an saka shi a ido an duba da na'ura. Saboda haka wanda ya ɗauki hoton takardar tabaransa ya tura wa mai sayar da kayan kwalliya a Instagram ya sayi lens ɗin wani ne, ba nasa ba. A Najeriya akwai hukumar da aka kafa a 1989 domin rajistar masu awon ido da masu haɗa tabarau, kuma tambayar ko mai auna ka yana da rajista ba rashin kunya ba ce.

Inda lens ya fi nuna amfaninsa shi ne inda idanun biyu suka sha bamban. A ce dama +1 hagu +5. Tabarau zai aika wa ƙwaƙwalwa hotuna biyu masu girma dabam, ta kasa haɗa su, mutum ya riƙa jin jiri ko ganin abu biyu-biyu. A wurin yaro abin ya fi muni, domin ƙwaƙwalwarsa za ta zaɓi ido mai kyau ta yi watsi da ɗayan, kuma in aka wuce shekara bakwai ko takwas ba a gyara ba, maido da ganin wannan idon yana da wuya ƙwarai ko da daga baya an sa masa lambar da ta dace. Haka kuma yawan matse tsokar nan yakan ja ido ɗaya ya karkace ciki, abin da ake kira harara-garke, wanda sau da yawa cikakkiyar lamba kaɗai ke miƙe shi ba sai an yi tiyata ba. Ƙarshen misali shi ne idon da aka cire wa madubin ciki saboda yana ba a sa na roba a madadinsa ba. Tsofaffin nan masu tabarau mai kaurin gaske suna ganin duniya ta ƙaru da kashi 25 cikin 100 ko fiye, alhali da lens ƙarin wajen kashi 7 ne. Jaririn da aka haifa da yana a ido ɗaya aka yi masa aiki, lens mai ƙarfin +25 ko sama ake sa masa, iyayensa su koyi sakawa da cirewa. A irin waɗannan wurare lens magani ne tsantsa.

Sai sharaɗin. Koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa take garau, kuma iskar oksijin da take rayuwa da ita daga sarari take samunta ta cikin hawaye. Duk abin da aka ɗora mata ya shiga tsakaninta da numfashinta. Tarihin lens gaba ɗaya neman mafita ne daga wannan. Wanda Adolf Fick ya gwada a Zurich a 1888 na gilashi ne zalla, ido ba ya jure shi sai na 'yan awanni. Otto Wichterle na birnin Prague ya ƙera na roba mai shan ruwa a gidansa a ƙarshen 1961, da injin da ya haɗa daga kayan wasan yara, aka fara sayar da irinsa a Amurka a 1971. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka fito da mai haɗin silikon, wanda iska ke ratsawa ninki da yawa. A 1984 masu bincike biyu a Sydney, Holden da Mertz, sun auna cewa lens na buƙatar makin wucewar iska 24 in da rana kawai za a sa shi, 87 in za a kwana da shi, kafin koniya ta tsira daga kumburi. Ga inda mai gajeren ido ya kamata ya buɗe kunne: makin da kamfanoni ke bugawa a kwali galibi na lens mai lamba -3.00 ne, wato lambar ragi ta mai raunin ganin nesa, wanda tsakiyarsa siririya ce. Lens mai lambar ƙari kuwa a tsakiya yake da kauri, ninki biyu ko uku, daidai saitin wurin da ake gani da shi. Tudun da ke gyara masa gani shi ne ke rage masa iska. Don haka wanda lambarsa ta yi sama ya nemi mai silikon, kada ya wuce awannin da aka ɗibar masa, kuma kada ya kwana da shi ko da kwalin ya ce ana iya kwana.

Babbar hujjar masu adawa da lens ita ce gyambon koniya, kuma hujja ce ta gaske. Tabarau ba ya haddasa irin wannan gyambo, lens kuwa ta nan ya makantar da mutane. Amma a dubi yadda haɗarin ya rarrabu. Wani babban bincike da aka wallafa daga Ostareliya a 2008 ya nuna cewa cikin mutum 10,000 masu sa lens mai laushi da rana su cire da dare, wajen mutum 2 ne ke kamuwa a shekara. Cikin masu kwana da shi kuwa wajen 20, kuma silikon bai rage wannan adadin ba. Ke nan mafi yawan haɗarin daga ɗabi'ar mai sawa yake. Abin da ya sa ba za a yi wasa da ɗan adadin ba shi ne saurin ɓarnar: akwai ƙwayar cutar da kan cinye koniya cikin kwana ɗaya ko biyu, in ta bar tabo a tsakiya sai dashe, dashen koniya kuwa ba a samunsa cikin sauƙi a ƙasashenmu.

Wasu za su ce alƙaluman Ostareliya ba namu ba ne, mu muna da hunturu da ƙura da ruwan garuwa. Sun yi gaskiya, kuma ruwan ya fi ƙurar zama abin tsoro. Akwai wata 'yar halitta mai suna akantamiba da ke zaune a ruwan famfo da rijiya da tanki, sinadarin da ake zubawa a ruwan sha ba ya kashe ta, in ta maƙale tsakanin lens da koniya tana haddasa ciwo mai raɗaɗi da kan ɗauki watanni ana magani. A Ingila an danganta yawanta da tankunan ajiye ruwa na saman gidaje, irin waɗanda suka cika unguwanninmu. Ruwan leda ma na sha ne, bai kai tsarkin da za a jiƙa lens a ciki ba, balle yawu. Ga mai alwala sau biyar a rana wannan magana ce ta kullum: wanke fuska bai ƙunshi zuba ruwa cikin ido ba, don haka a runtse ido sosai, kada kuma a taɓa lens sai hannu ya bushe ƙarau, in wanka ne a cire shi tukuna. Binciken asibitin ido na Moorfields da ke Landan ya gano cewa masu lens ɗin da ake wankewa a maimaita sun fi masu na yini ɗaya a yar haɗarin kamuwa da wannan ciwo kusan ninki huɗu. Wannan ya sa nake ganin a yanayinmu na yini ɗaya ya fi dacewa, domin ya kawar da ɗan akwatin ajiya da ruwan wankewa, inda galibin ƙazantar ke taruwa. Ƙurar hunturu kuwa busar da lens take yi ta sa ido ƙaiƙayi. Maganin ɗigawa mai jiƙa ido da tabaran rana suna rage ta, ranar da hazo ya yi yawa kuma a koma wa tabarau. Kwalli a rangaɗa shi bayan an sa lens, kuma ba a cikin bakin fatar ido ba. Wanda ke fama da ƙaiƙayin idon nan na yara da ke mai da farin ido ruwan ƙasa, ko bushewar ido mai tsanani, ko afolo ta kama shi, ba nasa ba ne har sai ya warke.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ba ni da amsar da za ta gamsar da kowa. Tabarau ɗaya kan yi shekara biyu ko uku, lens kuwa sayensa ba ya ƙarewa, daga waje ake shigo da shi, na yini ɗayan ya fi tsada, kuma shaguna sun fi ajiye lambobin ragi saboda su aka fi nema. Mai +7 sau da yawa sai an yi masa oda. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa rashin tabarau kawai shi ne kan gaba wajen haddasa raunin gani mai sauƙi da matsakaici. Ƙasar da ke wannan hali tabarau ne buƙatarta ta farko. Amma tsada ita ke haifar da mugun tattalin da ya fi komai haɗari, wato a ja lens na wata ɗaya har wata uku, ko a ƙara sabon ruwa a kan tsoho a akwatin. Wanda aljihunsa bai kai ba gara ya riƙe tabarau kullum, ya sayi na yini ɗaya don ranar tafiya ko wasan ƙwallo. Tsoron da ake yi cewa lens zai zagaya bayan ido ya shige kai kuwa ba shi da tushe, domin akwai fatar da ta haɗe farin ido da cikin fatar ido ta toshe hanyar. Haka zancen cewa gyara yana raunana ido: wanda ya cire lens ya ga duhu-duhu, tsokarsa ce ta ɗanɗana hutu take jinkirin komawa bakin aiki.

Bayan shekara 40 raunin karatu na tsufa yana zuwa ya tarar da na haihuwa, kuma mai gajeren ido shi ke fara jin sa. A nan akan sa lens mai lambobi da yawa a jiki ɗaya, ko a gyara ido ɗaya don nesa ɗayan don kusa, ko a sa lens na nesa a ɗora tabaran karatu a kai. Biyun farko suna ɗan rage kaifin gani da dare, direba ya yi la'akari. Ko wanne aka zaɓa, lens bai ƙara wa ƙwayar ido tsawo ba, kuma gajeren ido wurin da ruwan cikinsa ke fita ƙuntatacce ne, shi ya sa masu shi suka fi fuskantar irin hawan jinin idon da ke tasowa farat ɗaya da ciwon kai da amai. Don haka duban shekara-shekara, a wuri irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido mafi kusa, ya haɗa da awon ƙarfin ruwan ido da duba wannan mafitar. Ranar da ido ya yi ja, ko ya yi zafi, ko haske ya dame shi, ko gani ya dushe alhali lens na ciki, a cire shi nan take, a tafi da shi da akwatinsa asibiti a wannan ranar domin a iya gwada su. Kada a biya ta kemis a sayi maganin ɗigawa mai kashe ja, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke danne garkuwar ido, zafin ya lafa ƙwayar cutar kuma ta ci gaba da cin koniya.